Sukur ko Sakun? A Tambayi Masu Wurin

Jama'a, jiya a majalisarmu aka yi musu kan ma'anar sunan Sukur, ƙauyen nan da ke kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa. Wani ya ce a harshen Margi kalmar na nufin ramuwar gayya, don haka wai mutanen wurin mafaɗata ne tun asali. Maganar ta tsaya mini a rai.

E, wannan fassarar tana yawo a rubuce-rubuce. Amma fa daga bakin maƙwabta ta fito. Su masu wurin Sakun suke kiran kansu da garinsu. To don me za mu auna halin mutum da sunan da maƙwabcinsa ya fassara masa?

Ku dubi tarihin. Mutanen nan maƙera ne. Sun daɗe suna narka tama suna sayar wa ƙabilun kewaye ƙarfen fartanya, har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Sun sassaƙa gangaren dutse ya zama gonaki hawa-hawa, sun shimfiɗa hanyar dutse tun daga ƙasa har fadar sarkinsu, Hidi. Shi ya sa a 1999 UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Wa ya kai wa wani hari kuma? Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin da ya lissafa hare-haren kamun bayi da ya riƙa turawa kan duwatsun nan, har da Sukur, kafin Turawa su tuɓe shi a 1927. A 2014 Boko Haram ta hau ta ƙone gidaje. Waɗanda aka yi ta hawa ana cuta, su ne kuma masu baƙin suna?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mutanen ƙasa mun saba da raina na kan dutse. "Arnan dutse" kawai, shi ke nan, an rufe babi. Wallahi wannan ba adalci ba ne.

Roƙona ga ɗalibanmu na tarihi a Yola da Mubi da Maiduguri: ku hau dutsen nan, ku zauna da dattawa, ku naɗi bayaninsu da harshensu tun suna raye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

In akwai ɗan Sakun a nan, bismillah, ka gyara mana. Allah Ya zaunar da yankin lafiya.