Ciwon da Ba Shi da Suna a Hausa: Ƙarancin Bitamin E da Siliniyam a 'Yan Aladu

A Kudancin Kaduna da Filato kiwon alade sana'a ce da ke ciyar da gidaje, kuma da Hausa ake yawan cinikinsa a kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan. Sai dai idan ɗan alade ya faɗi matacce bayan yaye ba tare da alamar ciwo ba, harshen da aka yi cinikin da shi ba ya da kalmar da zai bayyana dalili.

Ɗaya daga cikin dalilan irin wannan mutuwa shi ne ƙarancin bitamin E da sinadarin siliniyam. Su biyun ne ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Idan suka gaza, tsokar zuciya takan yi dabbare-dabbare da jini, ruwa ya taru kewaye da ita, ko hanta ta lalace, ko tsokar jiki ta koɗe. Abin takaicin shi ne, wanda ya fi saurin girma shi ya fi faɗuwa. Masara da aka adana da danshi da kitsen da ya yi tsami suna rage bitamin E, hatsin da aka noma a ƙasa mai ƙarancin siliniyam kuwa yakan fito da wannan ƙarancin. Tun 1957 aka tabbatar jiki na bukatar siliniyam, amma idan ya yi yawa guba ne, don haka awo wajibi ne.

A nan ne hakkin masana Hausa yake. Makiyayin da bai san bambancin wannan ciwo da zazzaɓin aladu na Afirka ba zai iya ɗauka annoba ce ta shigo, ya karyar da garkensa, alhali gyaran abinci zai wadatar. Wani zai ce alade ba dabbar Bahaushe ba ce. Amma Hausa ta daɗe da zama harshen miliyoyin da ba Hausawa ba, kuma wannan ƙarancin yana kama 'yan raguna da 'yan awaki da maruƙa.

Ya kamata sassan nazarin Hausa su haɗa kai da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ta Vom, su ƙirƙiro kalmomin da ke siffanta abin da ido ke gani, kamar “jirwayen zuciya” da “koɗewar tsoka”, sannan a gwada su a bakin makiyaya kafin su shiga ƙamus.