SHARHI: Badagry Da Kuɗin Shigar Da Ke Wuce Ta

Garin Badagry da ke gaɓar teku a yammacin Jihar Legas, daf da iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Benin, yana da abin da ƙasashe da dama ke kashe maƙudan kuɗi don su samu, wato rairayin bakin teku da tarihin da duniya ta san da shi. Abin takaici shi ne har yanzu garin bai ci moriyar wannan arziki yadda ya kamata ba.

Daga nan ne aka riƙa lodin bayi zuwa nahiyar Amurka, musamman Brazil. Baƙo zai ga sarƙoƙin da aka ɗaure su da su, da kurkukun bayi na Seriki Abass, kana ya haye ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, inda bayin suka yi sallama da ƙasarsu. Har wa yau, daga Badagry ne Bature Clapperton ya kama hanya a 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. Akwai kuma benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake yi wa kirari da bene na farko a Nijeriya, ko da yake Katsinawa masu Hasumiyar Gobarau suna da ta cewa game da wannan kirari.

To, amma tarihi ba ya zama kuɗi sai baƙo ya kwana, ya ci abinci, ya sayi tsaraba. Akasarin masu zuwa Badagry 'yan makaranta ne da baƙin wuni guda, waɗanda ke hanzarin juyawa kafin magariba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Aikin faɗaɗa babbar hanyar Legas zuwa Badagry, wanda aka fara a 2009, ya shafe fiye da shekara 10 yana tafiyar hawainiya, ga kuma shingayen jami'an tsaro birjik a kan hanyar Seme. Rufe iyakar ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ƙara durƙusar da masu masauki da 'yan kasuwar garin.

Maƙwabta kuwa ba su tsaya jira ba. Tsibirin Gore na Senegal ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1978, gine-ginen Elmina da Cape Coast na Ghana suka bi baya a 1979. A 2019 Ghana ta gayyato jikokin bayi daga Amurka, suka zo da dalolinsu.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da gina babbar tashar jiragen ruwa a Badagry, kan kuɗi sama da dala miliyan dubu 2. Babu mai ƙin wannan, domin matasan garin na bukatar aikin yi. Sai dai duk wanda ya ga yadda manyan motoci suka shaƙe Apapa, ya san abin da tashar ruwa ke iya yi wa gari. Ya kamata gwamnatin Legas ta shata iyakar tsibirin Gberefu da unguwar Marina da doka tun yanzu, a ware wa tireloli hanyarsu daban, a kuma damƙa wa 'yan asalin garin, wato al'ummar Ogu, aikin rakiyar baƙi da jigilarsu a kwalekwale.