Gishirin Hanya

'Yan uwa na Tamanrasset, hutun yara ya zo, wasu za su kwashi iyali zuwa filin wasan Ben Aknoun a Aljas, tafiyar kusan kilomita 2,000. Ni cimar hanyar ce ke damuna. Safe burodi da kashir, rana soyayyen dankali da harisa, dare margez. Duk gishiri ne, har burodin ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Alhaji mai hawan jini, kada ka baro maganinka a shago. Ni dai dabino nake cika jaka da shi, in ce wa mai nama ya rage barbaɗa gishiri.