Samari Sun Ƙidayo Bukatun Kara, Saura Mu



Ranar kasuwar da ta wuce muna zaune a rumfar dillalai, sai ga samarin fadar bayan kara sun shigo da littafi da biro, suka durƙusa suka gaishe mu. Babbansu ya ce, "Baba, mun zagaya mun tambayi masu kora da masu lodi da mata masu tuwo abin da ya fi damunsu, ga abin da muka samo." Gaskiya da farko dariya muka yi, don da butar shayi muka san 'yan fada. Amma da aka karanta takardar sai kowa ya yi tsit.

Na farko ruwa: dabba ta kwana biyu a hanya, ta iso kara babu kwamin sha, ta faɗa a idon mai saye, asara tamu. Na biyu dakalin lodi da ya zube, inda sa kan karya ƙafa a ba mahauta da araha. Na uku burtali da gonaki suka cinye, abin da ke haɗa mu da manoma kowace damina. Na huɗu wurin ware dabba mai tari, don ciwon huhu ba ya neman takardar duwan kafin ya ƙetare iyaka. Duk mun san waɗannan, shekara da shekaru muna tsallake su, ba wanda ya taɓa rubutawa.

Aikin samari ba baƙonmu ba ne. Muna yara zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, mun ga samariya tana share gari tana gina azuzuwan lakwal da gayya. Sai dai waccan daga sama ake kaɗa mata ganga, waɗannan kuwa ba wanda ya aike su. To, ya za mu sallame su da "Allah ya yi albarka" kawai?

Mu tuna, an rufe iyakar Nijeriya a 1984, an sake a 2019 har ƙarshen 2020, an kuma rufe a 2023 sai Maris 2024 aka buɗe. Duk sa'ad da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ko ta Ƙonni zuwa Illela ta tsaya, mai jari yakan lallaɓa, amma yaron da ke ci da kora da lodi ranar nan tukunyarsa ke mutuwa. Daga nan sai ka ji ya yi Agadas, ko haƙar zinari a Jado, ko Libiya. Makullin iyaka ba ya hannunmu, amma kwami da dakali ai ba su fi ƙarfinmu ba.

Shawararmu ita ce a raba takardar nan uku. Abin da ke son ƙarfi, kamar cike kwazazzabo da ɗaukar dutse, na samari ne. Abin da ke son kuɗi namu ne: a cire dala 20, watau sefa 100, a kan kowace dabba da aka sayar, kuɗin kuma kada su fita sai da sa hannun dattijo ɗaya da saurayi ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Maganar burtali kuwa ta hukuma ce da sarakuna, mu shige gaba su biyo mu da littafinsu. A kuma ba su mazauni a taron ƙungiya, su faɗi a ji.

Ku kuma 'ya'yanmu, kada ku zauna jiran furoje, kada ku miƙa littafin nan ga mai neman ƙuri'a. Ku fara da kwamin ruwa, don da sauƙi kowa zai gani ya yarda.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka yi ko oho da yaran nan, wa za mu bar wa sandar? Allah ya sa mu dace, amin.