Bel ɗin matse ciki ya shiga ƙauyukan Kano, amma an baro tef ɗin awo a baya

A ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da katangar gida, dillaliya ta daɗe tana shiga gida-gida da ƙullin kaya a ka: atamfa, turare, 'yan kunne. Yanzu an samu ƙari a ƙullin, wato bel ɗin matse ciki, wanda amare da masu jego ke nema don tumbi ya koma. Wata ma ba ta jiran dillaliya. Hoto take gani a WhatsApp ko TikTok, ta tura kuɗi ta hannun mai POS, direban motar kasuwa ya kawo mata saƙon daga birni.

A duk wannan ciniki akwai matakin da aka tsallake: babu wanda ya auna jikin mai sayen. Tambayar da ake yi mata ba ta wuce ko siririya ce ko mai jiki, sai a zaɓar mata harafi, M ko L ko XL. In bel ɗin ya ƙi rufuwa, ko ya rufu amma numfashi ya gagara, ita ce da asara.

Ɗaurin ciki ba baƙo ba ne

Tun kafin zuwan bel, mai jego a ƙasar Hausa ta san ɗaurin ciki. Bayan wankan jego, uwa ko kaka ko ungozoma kan naɗa mata zane ko ɗankwali a ciki. Shi wannan ɗauri ba ya buƙatar awo, domin hannu ne ke tsayar da ƙarfinsa. Ya yi tsauri, a sassauta. Ciki ya ragu, a ƙara ja.

Haka ɗinki ma. Macen da ba ta son tela namiji ya auna ta takan aika masa da tsohuwar rigarta ya ɗauki awo a jiki. Ke nan ko a cikin kulle akwai hanyar da awon jiki ke isa wurin mai ɗinki.

Bel na zamani ya sha bamban. An ɗinka shi ne a masana'anta da roba mai tauri, wani da ƙarafa ko sandunan roba a ciki, da layukan maɓalli biyu ko uku. Iyakar sassaucinsa ke nan. Yayinsa ma daga waje ya taso: kamfanin Spanx da Sara Blakely ta kafa a Amurka a 2000, da Skims na Kim Kardashian a 2019, su suka fito da kayan matse jiki fili. Masana'antun China suka cika kasuwannin duniya da masu araha, kuma irin su ne suka fi yawa a shagunan Kantin Kwari da Sabon Gari, kafin su gangaro ƙauye.

Harafi ba awo ba ne

Babu wata doka da ta tilasta wa masana'antun duniya su yi L iri ɗaya. Kowane kamfani da jadawalinsa. Kayan da aka yi don kasuwannin Asiya kan fi ƙanƙanta a kan na Amurka ko Turai masu harafi ɗaya, shi ya sa mai sa L a wani bel sai ta tarar XXL ne daidai da ita a wani. In an haɗa da na gwanjo, wanda robarsa ta riga ta saki, sai harafin ya zama ado kawai.

Akwai kuma ruɗanin inci da santimita. Tela a Kano da inci yake awo, amma jadawalin da ke jikin ledar kayan China sau da yawa da santimita yake. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka ƙugu mai inci 32 ya kama santimita 81 da 'yan kai. Tef ɗin tela yana da duka biyun, inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar.

Sai wani kuskure da wasu masu talla ke ƙara wa wuta: cewa a sayi wanda ya gaza jiki don ya fi matsewa. Bel ba ya narkar da kitse. Gumin da ke fita ƙarƙashinsa ruwa ne, da an sha ruwa ya dawo. Abin da yake yi shi ne tattara jiki muddin yana ɗaure. Wanda ya yi kaɗan nannaɗewa yake yi, ya yanki fata, ya turo tsoka sama da ƙasa, sai kwalliyar da aka saye shi dominta ta ɓaci.

Asarar aljihu

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Duk kayan da ake shigowa da su sun tashi, kuɗin mota zuwa birni ma ya tashi. Macen da ke tara kuɗi daga ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, surfe ko zubin adashi ba ta da rarar da za ta sayi abu sau biyu.

Mayarwa kuma aiki ne. Kayan ciki ne, yawancin 'yan kasuwa ba sa karɓa in an gwada. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in bai dace da abin da aka siffanta ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Sai dai wadda ba ta faɗi awonta ba, ba a kuma nuna mata jadawali ba, da wuya ta kafa hujjar cewa an saɓa. Ga kunya, wadda ke hana mata da yawa kai ƙorafi a kan irin wannan kaya. Ƙarshenta bel ɗin ya kwanta a ƙasan akwati, ko kuma a daure a riƙa sa shi a haka don kada kuɗi su tafi a banza. Nan ne matsalar ke tashi daga aljihu ta koma jiki.

Inda abin ya fi haɗari

Bel mai tsananin matsi yana hana huhu buɗewa sosai, yana kuma danna tumbi har ruwan ciki ya riƙa tasowa ƙirji, abin da ake ji kamar ƙwannafi. A watannin bazara, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, roba a jikin fata tana jawo ƙuraje da ƙaiƙayi.

Mai jego ta fi kowa shiga haɗari. Mahaifa kan ɗauki kusan mako shida kafin ta koma yadda take, daidai da kwana arba'in na al'ada. A wannan lokaci jijiyoyin da ke tallafe da mahaifa da mafitsara ba su gama ƙarfi ba, kuma matsi mai yawa daga sama ƙasa yake tura nauyi. Wadda aka yi wa tiyata, akwai ɗauri mai laushi da likitoci kan yarda da shi don rage zafin motsi, amma ba shi ne mai ƙarafa da ake sayarwa don kwalliya ba.

Babban abin tsoro shi ne bel ya ɓoye alamar ciwo. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun ciwon raunin zuciya bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, kuma binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin faɗin ƙasar ya nuna yawancin masu fama da shi daga Arewa maso Yamma suke. Bel ba shi ke kawo ciwon ba. Amma alamominsa na farko su ne haki, kasa kwanciya rigingine da kumburin ƙafa. Mai jegon da ke ɗaure tamau na iya cewa bel ne ke sa ta haki, ta yi ta haƙuri har ciwo ya yi nisa. In an cire bel haki bai tafi ba, maganar asibiti ce a ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24 na farko, tsakanin kwana biyu zuwa uku, tsakanin kwana bakwai zuwa 14, sai a mako na shida. Waɗannan lokuta ne suka dace a tambayi ma'aikaciyar lafiya ko bel ya halatta, da irin wanda ya dace.

Yadda ake awon

Aikin bai wuce minti biyar ba, 'yar'uwa ko maƙwabciya mai keken ɗinki za ta iya yi. A tsaya a miƙe da riga mara kauri, a saki numfashi yadda aka saba, kada a shanye ciki. Tef ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse ba, kuma kada ya karkace ta baya.

Wuri huɗu ake aunawa: ƙarƙashin mama, sai ƙugu inda jiki ya fi tsukewa sama da cibiya kaɗan, sai kwankwaso inda ya fi faɗi, sannan tsawo daga ƙarƙashin mama zuwa ƙashin kwankwaso. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali bel mai tsawo a jikin gajeriyar mace sokinta yake yi a haƙarƙari da zarar ta zauna. Inda babu tef, a zagaya zare ko igiya a ƙulle, a aika wa tela ya faɗi incin.

A tura wa mai sayarwa lambobin, a nemi hoton jadawalin da ke jikin ledar. In awo ya faɗa tsakanin biyu, a ɗauki babban. Sabon bel ya kamata ya rufu a layin maɓalli na farko ba tare da kokawa ba, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da fata. Wadda ba za ta iya ruku'u da sujada ko cin abinci da shi cikin natsuwa ba, ba nata ba ne. Ba a kuma kwana da shi.

Awon yana da wani amfanin: ƙugun mace da ya kai santimita 80, musamman in ya wuce 88, alama ce ta ƙarin haɗarin ciwon suga da hawan jini. Wannan gwajin asibiti yake buƙata, matsewa ba ta maganinsa.

Gyaran ba sai an jira gwamnati ba. Dillaliyar da ta saka tef a ƙullinta za ta rage wa kanta rigimar mayar da kaya. 'Yan kasuwar Kwari za su iya rubuta awo da inci a ƙarƙashin kowane hoton da suka ɗora. Ma'aikatan lafiya kuma za su iya saka maganar bel cikin faɗakarwar ranar awon ciki da ranar rigakafi, kusa da ta shayarwa da ta wankan jego, tunda ko an yi maganar ko ba a yi ba, matan suna saye.