Mayen Ƙarfe Ba Shaida Ba Ne, A Sayar da Silba da Lambarta

 Maganarmu ta yau a kan silba ce, watau farin ƙarfen nan maras tsatsa wanda masu walda ke kira sitenles. Duk wanda ya ratsa wajen 'yan kwanuka a kasuwar Sabon Gari, ko ya bi ta shagunan masu walda a Fagge, ya san yadda kayan nan suka cika gari: cokula, farantai, kuloli, tukwane, butoci, bututun da a ke kafawa a matakalar bene, har da tankunan masu fiya wata. Suna ɗaya mu ke kiransu da shi, alhali kuwa ba ƙarfe ɗaya ba ne. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za mu daina sayar da silba da ƙyalli da gwajin mayen ƙarfe, mu koma sayar da ita da lambarta.

Da farko dai silbar nan ba azurfa ba ce. Baƙin ƙarfe ne a ke narkawa tare da wani ma'adini mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. In kuromiyam ya sha iska sai ya yi wata 'yar fata a jikin ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ita ce ke tare tsatsa. Ko an karce ta, ta kan sake fitowa da kanta. Dangin da muka fi sani, wanda masana ke kira ostenitik, an ƙara masa wani ma'adinin mai suna nikel. Shi ya sa a ke iya dannawa a fitar da kwano mai zurfi bai tsage ba, ya kuma karɓi walda. Kamfanin Krupp na Jamus ne ya yi rajistar irinsa a 1912. A cikin dangin nan lamba uku ce ta shafe mu.

Ta farko 304. Ita ce uwar gida: kuromiyam kashi 18, nikel kashi 8, shi ne ma'anar 18/8 da ku ke gani a bayan cokali. Ita ta dace da tukunya, da kula, da tankin ruwan sha, da wurin dama fura da nono. Tsamin zoɓo da tsamiya ba ya yi mata komai, kanwa ma da ke cin tukunyar alminiyam ba ta cinta.

Ta biyu 316. Nikel ɗinta ya kai kashi 10 zuwa 14, sa'an nan an ƙara mata molibdenam kashi 2 zuwa 3, domin ta jure gishiri. Aikinta ya fi yawa a masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa inda a ke aiki da gishiri, da masana'antun magani, da gine-ginen bakin teku kamar Ikko da Fatakwal da Kwatano. Ta fi tsada, kuma mai sayen cokalin shan koko ba ya bukatarta.

Ta uku 201. Ita an rage mata nikel ya koma kashi 3 da rabi zuwa 5 da rabi, an cike gurbin da manganis, wanda ya fi araha. Danginta sun samu karɓuwa a shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, sa'ad da nikel ya yi wuya a Amurka. Har ila yau akwai wadda a ke kira 201 a baki kawai, nikel ɗinta bai wuce kashi 1 ba, kuromiyam ɗin ma an rage shi. Ran da aka fito da ita daga kwali ba ka bambance ta da 304. Amma kama da wane ba ta wane. Bar ta ta kwana da ruwan gishiri ko ruwan bilic, ba da daɗewa ba za ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa, daga baya su zama 'yan ramuka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mun saba, in mai saye ya yi tantama, sai yaron shago ya zaro mayen ƙarfe ya ɗora, ya ce, “Ka gani Alhaji, bai kama ba, ta gaske ce.” Jama'a, wannan gwajin ba ya raba gardama. Maye ba ya kama 304, ba ya kama 316, kuma ba ya kama 201. Ashe ke nan shaidar da a ke kafawa don mai tsada, ita ce mai arahar ke fakewa a bayanta. Sa'an nan kuma 304 ta gaske, a wurin da inji ya danna ta ko ya lanƙwasa ta, kamar gindin kwano da kusurwar tire, ta kan ɗan ja maye kaɗan. Akwai kuma 430, wadda ba ta cikin dangin nan, ita ce 18/0. Babu nikel a cikinta, maye na kama ta ƙam, amma sitenles ce ta gaskiya, ana cokula da ita. Watau maye ya kan wanke mai laifi, ya kuma tozarta mai gaskiya.

Me ya sa a ke wannan sauye-sauye? Nikel ne. Shi ne mai cin kuɗi a cikin 304, farashinsa kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A 2007 tan ɗaya ya haura dala 50,000. Ran 8 ga Maris 2022 ya zarce dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka tsayar da cinikinsa. Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa haƙo shi, ta hana fitar da ɗanyensa tun Janairun 2020. Mu kuwa shigo da silba mu ke yi, galibi daga Caina da Indiya, kuma Caina kaɗai na yin fiye da rabin sitenles ɗin duniya. In ɗan sari ya je ya matsa a rage masa kuɗi, mai masana'anta ba zai yi asara ba. A nikel zai rage, a kauri zai rage, ƙyallin kuwa ya bar maka shi yadda ya ke.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Ba mu ce 201 kayan banza ba ce. Tiren ɗaukar kofuna, da kwanon zuba goro ko dabino, da kantar jera kaya, da bututun matakalar cikin ɗaki, duk ta isa. Kano ƙasar bushewa ce, ta kan yi shekaru ba ta nuna komai ba. Laifin shi ne a karɓi kuɗin 304 a ba da 201. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya an cuce shi. Ku tuna da uwar da ta shekara tana adashi don kayan ɗakin 'yarta. Ku tuna da mai fiya wata da ya ci bashi ya sa aka ƙera masa tanki. Ku tuna kuma da baƙon da ya sari kaya a nan ya kai bakin teku, inda iska mai gishiri ke tona asiri cikin damina ɗaya. Wannan ba zai ce wane ya cuce ni ba, cewa zai yi kayan Kano ba su da kyau, kowa ya shafa.

Mun san abin da wani zai ce: “In na faɗi gaskiya tawa 201 ce, maƙwabcina ya rantse tasa 304 ce, ai ciniki ya koma can.” Haka ne, yau ɗaya. Wani kuma ya ce, “Ni ma haka aka buga mini a jikin kayan.” Wannan ma gaskiya ce, buga SUS 304 a gindin kwano ba wuya gare shi ba. Amma ku duba 'yan gwangwan. Wanda ya san aikinsa ba ya sayen tsohuwar 304 da 201 kuɗi ɗaya, domin ya san nikel ya ke saye. In mai sayen tarkace ya iya bambancewa, mai sayar da sabo ba shi da hanzari.

Saboda haka ga shawararmu. Mai shigo da kwantena ya nemi takardar gwajin masana'anta, wadda ke nuna kashin nikel da kuromiyam, ya sa lambar da kaurin a cikin yarjejeniya. Akwai ruwan gwaji na 'yar kwalba da a ke ɗigawa a jikin ƙarfe, launinsa ya nuna 201 ce ko 304, kowane ɗan sari ya ajiye ɗaya. Akwai kuma na'urar hannu mai karanta abin da ke cikin ƙarfe nan take. Ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar layi ba, a haɗa kuɗi a saya, mai gwaji ya biya ɗan abin da aka yanka. Mai shago ya rubuta lambar a rasit. Dillali kuwa la'adarsa ta amana ce, kada ya ce “silba ce mai kyau” ya yi shiru, ya faɗi lamba.

Masu walda ma da nasu. Ƙarfen 304 sandar walda 308L ya ke so, 316 kuma 316L. Harafin L na nufin an rage gawayin da ke cikin ƙarfen, don kada bakin walda ya ci. Kada kuma a goge silba da burushi ko dutsen injin da ya ci baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushin ya kan maƙale ya yi tsatsa, a zo ana zargin mai shago a banza.

Sayen nagari mai da kuɗi gida, sayar da nagari kuwa mai da mai saye shago. Mu jera kowace lamba da kuɗinta, mai hali ya ɗauki 304, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki 201 da saninsa. Mayen ƙarfe kuma a mayar wa teloli su tsinci allura. Allah ya sa albarka a nema. Haza wassalam.