Ciwon Haƙori Ba Ya Jiran Kaka

A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, magidanci ba ya neman likitan haƙori sai ciwo ya hana shi barci. Dalilin kuwa a fili yake. Kafin manomin Fagam ko Basirka ya isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai ya biya kuɗin mota, ya kuma yi asarar yinin gona. Saboda haka yakan cusa kanumfari a kogon, ya ce sai kaka. Kafin kaka, haƙorin da za a iya cikewa ya ruɓe, sai cirewa. Lalle ne hukuma ta riƙa kai masu duba haƙori kasuwanni irin ta Sara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.